Akushin Kaka Habi

Ƙarar babur ɗin Lawi ta daɗe da ɓacewa a hanyar Kwargaba, amma Selina tana nan tsaye a ƙofar gida da tsintsiya a hannu, ko sau ɗaya ba ta kai ta ƙasa ba.

A bayan babur ɗin kakarta ce, Kaka Habi. Ta tafi rungume da ƙugun Lawi da dungun hannayenta, tana roƙon Ubangiji ya sa ta iske ƙawarta Kaltume da sauran numfashi.

Kaltume kuwa lafiyarta ƙalau. Selina ce ta ƙirƙiri ciwon.

"Ina Inna tat tahi da sassahe haka?"

Muryar mahaifinta ce, Malam Isa, mai bisharar ƙauyen. Ya fito daga zaure sanye da farar rigar da ba ya sawa sai ranar Lahadi, ga shi yau Asabar.

"Kwargaba, Baba. An ce Gwaggo Kaltume ba ta da lahiya."

"Wa yac ce?"

Ta ƙura wa tsintsiyar ido.

"Selina, wa yaz zo gidanga da saƙo ni ban ji sallamatai ba?"

Tsintsiyar ta suɓuce. Ta durƙusa a gabansa, hawaye suka riga maganarta fitowa.

"Baba, ka yi man rai. Wunin yau ɗai nika roƙo. In baƙi sun tahi, ni da kaina za ni in ɗauko ta, in nemi gahwara."

"Yau da uwar yaro ka zuwa ganin gida, kik koran man uwa?"

"Ba korar ta niy yi ba."

"To mi aka ce ma wanga?"

Malam Isa ya ɗaga kai ya dubi tsohuwar majami'ar ƙasa da ke tsallaken fili, da garen tayar motar da ke rataye a jikin bishiyar dogon yaro, wanda shi ne ƙararrawarsu tun kafin a haife shi.

Tungar Alheri ba gari ba ce da aka gada. Turawan mishan ne suka kafa rumfar magani a wurin, don masu kuturta. Daga Shinaka, daga Rabah, daga ƙauyukan bakin gulbi aka riƙa kawo mutane a kan jakuna ana ajiyewa. Da yawa sun warke, amma da suka koma gida sai suka iske an rufe musu ƙofa. Suka dawo, suka auri juna, suka kwaɓa ƙasa da dungun hannu suka gina majami'a. Turawa suka tafi. Gwamnati ta datse gulbi a Goronyo, ruwa ya canza hanya, aka raba musu 'yan fegin albasa a bakin magudana. Samari suka watse birni. Cikin waɗanda suka kafa ƙauyen, Kaka Habi kaɗai ta rage.

Ita, da akushi.

Wata yarinyar ƙauyen aka taɓa aurarwa wani gari. Ran da farin tabo ya fito mata a wuya, tabon da ba na komai ba, dangin miji suka dawo da ita cikin rana da ciki, ba ta ga damina ba. Bayan an binne ta, dattawa suka yi alkawari a gaban Ubangiji: ba a sake ba da 'yar Tungar Alheri sai mai nema ya zauna ya ci tuwo akushi ɗaya da mai dungu, a gaban jama'a, da hannu. Mai dungu ya fara, baƙo ya bi, yarinya ta cika. Sai akushi ya ƙare ake cewa an ba da aure.

"Akushin hwa?" in ji Malam Isa. "Mata sun tuƙa tuwonai tun ɗazu."

"Na ruhe shi ɗakin girki. Kai ka ci da su, Baba. Kai ma ɗan Kaka na."

Ya buɗe tafukansa ya dube su.

"Dubi yatsuna, ɗiyata. Cikakku na. Akushinga ba don masu yatsu anka sassaƙa shi ba."

"Baba, in uwar yaron tag ga Kaka, shi ke nan. Ina son shi. Ban taɓa roƙon ka komi ba."

Malam Isa mutum ne da ya binne matarsa Selina tana jaririya, bai iya ganin hawayenta ba.

"Ba ni yin ƙarya gaban baƙi," ya ce a ƙarshe. "Amma ba ni tona ki."

Ya koma zaure yana jan ƙafa. Shi kansa ya san shirun da ake yi don ƙarya ta wuce lafiya, ɗan'uwan ƙarya ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Wanda ake wannan wahala dominsa sunansa Ifraimu. Ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibiti a Goronyo, mutumin Kagoro. Ya fara zuwa ƙauyen ne lokacin da tsargiya ta kama yaran da ke wanka a magudanar ruwa, ya iske Selina tana koyar da su a inuwar majami'a. Ya san Kaka sarai. Shi ke duba mata gyambon ƙafa, ita kuma tana tsokanar sa da "angona".

Amma makon jiya, a bakin magudana, ya riƙa murza ganyen albasa a hannu yana kallon ruwa.

"Selina, Mama mace ce mai tsoron Allah. Sai dai akwai abin da idonta ba zai ɗauka ba. A wajenmu, in aka ji sunan ciwon nan a dangi, ƙannena mata sun gama samun miji."

"Kai da ka aikin asibiti? Ka san ba a gadon shi. Ka san ta warke tun ba a haihe mu ba."

"Na sani. Amma abin da na sani daban, uwata daban. Da za a bari a ɗaura auren tukuna..."

Bai ce ta ɓoye kowa ba. Ita ma ba ta ce za ta ɓoye ba. Suka rabu kowa ya fahimci abin da ɗan'uwansa ya kasa furtawa.

Hantsi ya ɗaga lokacin da motar haya ta tsaya a gindin dogon yaro. Ifraimu ya fito, sai mahaifiyarsa Mama Jastina, doguwar mace mai kamala, sanye da zanen zumuntar mata, don ita ce shugabarsu a majami'ar garinsu. Tun rasuwar mijinta ita ke riƙe da gida, ta kuma ce ba ta turo kawunnan Ifraimu sai ta ga inda yarinya ta fito da idonta.

Selina ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta. Matar ta kama haɓarta ta ɗago fuskarta.

"Kai, Ifraimu, ashe ba ka yi mini ƙarya ba. Tashi, 'yata. Ubangiji ya yi miki albarka."

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Mama Jastina ta riƙa kallon majami'ar ta saman danga tana girgiza kai.

"Ikon Allah. Ban taɓa zaton zan ga gidan sujada a wannan lungu ba. Malam, ba a takura muku?"

"A'a, Mama. Bara da ruwa yak kada bangon gabas, maƙwabtanmu Musulmi sunka taya mu yaɓe."

"To su wa suka kafa ta?"

Malam Isa ya dubi 'yarsa. Selina ta sunkuyar da kai.

"'Yan mishan," ya ce. Bai ƙara ba.

Selina ta kawo shinkafa da miyar kaji a sababbin farantai, kowa da nasa, kowa da cokalinsa. Cokali ɗaya ya suɓuce mata ya faɗi. Mama Jastina ta yi dariya.

"Kunyar suruka ce. Ni ma na yi. Mu yi addu'a."

Suka rufe ido. Tana tsaka da gode wa Ubangiji da ya haɗa gida biyu masu tsarki, Selina ta jiyo ƙarar da ta fi tsoro a duniya.

Babur.

Ba ta jira amin ba. Ta zame ta fita da gudu. A ƙofar gida ta iske Lawi yana jingine babur ɗinsa, kujerar baya babu kowa.

Lawi ɗan ƙauyen ne, shi ke kabu-kabu tsakanin Wurno da Kwargaba, shi ke kaɗa ƙararrawa ranar Lahadi. Ya nemi auren Selina tun kafin ta tafi makarantar horon malamai a Sakkwato, ta dawo ta ce masa ta ɗauke shi ɗan'uwa.

"Ina Kaka? Ba na ce ka bar ta can sai marece ba?"

"Mun iske Gwaggo Kaltume tana shanyar albasa, ta hi ni ƙarhi. Kaka tad dube ta, tad dube ni, tac ce in juya. Ta shiga ta ƙohwar baya."

"Lawi, mi niy yi maka?"

"Ni? Ba komi. Ɗora man ƙarya ɗai kiy yi bisa babur, kik ce in kai ta Kwargaba."

"Don ka raba ni da shi kay yi. Ka zaci in ya tahi, kai za ni aure?"

Ya dube ta, idanunsa sun kaɗa.

"Ko ya tahi ba ki aure na, na sani. Amma kakana ma dungu garai, Selina. Nan yake kwance bayan majami'a. Ko shi ma za ki tone shi ki kai Kwargaba?"

Ya juya ya nufi dogon yaro. Ta bi shi tana kama rigarsa.

"Don Allah, Lawi. Kak ka kaɗa. Na roƙe ka da sunan Yesu."

Ya ɗauki guntun ƙarfen. Ko kishi ne ya ɗaga hannunsa, ko gaskiya, shi kansa da za a tsare shi ba zai iya rantsuwa ba.

Garen motar ya amsa. A Tungar Alheri, in an ji ƙararrawa ba ranar Lahadi ba, ko mutuwa ce, ko akushi. Mata suka saki taɓare, maza suka bar injin ban-ruwa yana tafiya, aka nufo gidan mai bishara.

Lokacin da Selina ta koma ciki, tsakar gida ta fara cika. Mama Jastina tana murmushi, ta zaci taryar baƙi ce.

Sai labulen ɗakin girki ya ɗaga.

Kaka Habi ta fito a hankali, tana jan takalmanta na tayar mota. Ta tallafo baƙin akushin tsakanin wuyan hannayenta biyu, ta manna shi a ƙirji. Rana ta haska fuskarta, da karan hancin da ya zauna, da hannayen da yatsunsu suka tsaya a gaɓar farko.

Ta dire akushin a tsakiyar tabarma, ta ture farantan gefe da gwiwar hannu, ta zauna.

"Sannunku da hanya," ta ce. "Ni a Habi, uwar mai gidanga. Ku yi haƙuri, an aike ni gaisuwar wadda ba ta mutu ba."

Babu wanda ya yi dariya.

Murmushin Mama Jastina ya bushe. Ta janye ƙafarta daga kan tabarmar.

"Ifraimu. Wace ce wannan?"

"Kakar Selina ce, Mama."

"Ta jini?"

"Ta jini."

"Ka sani?"

Ya sunkuyar da kai. Malam Isa ya yi gyaran murya, ya bayyana al'adar akushi, tun daga yarinyar da aka dawo da ita har alkawarin dattawa. Kaka ba ta jira ya gama ba. Ta yaye faifan, ta gutsuri tuwon dawa da gefen tafinta, ta dangwali miyar kuka, ta kai baki. Sannan ta tura akushin gaban baƙi.

Mama Jastina ta miƙe tsaye.

"Kun yaudare ni. Kun zaunar da ni, kun ba ni cokali, har na sa wa yarinya albarka."

"Mama, ta warke tun da daɗewa. Ba ya yaɗuwa, ba a gadonsa. Aikina ne, na sani."

"Je ka faɗa wa mutanen Kagoro aikinka ne!"

"Ba ke kike karanta wa mata yadda Yesu ya miƙa hannu ya taɓa kuturu ba?"

Sai ga hawaye a fuskar matar. Ba na fushi ba ne.

"Na karanta, kuma na gaskata. Amma Yesu bai bar marayu mata a ɗaki suna jiran miji ba. Ni na bari. Tun da ubanku ya rasu nake tallar kunu don ku zama mutane. Ran da aka ce gidan Jastina ya haɗa jini da kutare, wa zai ƙara yi wa ƙannenka sallama? Kai ka sami wadda kake so, su kuma su tsufa a gabana? Wannan ce ƙaunar da ka koya?"

Har matan ƙauyen da suka ji haushinta suka kawar da kai, don kowace cikinsu uwa ce.

Selina ta rarrafa ta kama ƙafarta.

"Mama, laihina na. Ni nib ɓoye ta. Kak ki hukunta shi. In kin ce in tahi can in zauna ba ni sake waiwayar garinga, na yarda. Ba wanda za shi sani."

Ba ta ga yadda Kaka ta ɗago kai ta dube ta ba.

Mama Jastina ta zare ƙafarta a hankali.

"'Yata, ba na ƙin ki. Amma magana ba ta ɓuya. Ifraimu, tashi mu tafi."

Bai motsa ba. Yana kallon akushin, da gurbin da hannun Kaka ya bari a jikin tuwon.

"Angona," in ji Kaka, "bi uwarka. Ba a sayen mata da uwa. Ba wanda za shi zarge ka nan."

"Ifraimu, ka ji ni da kyau," in ji mahaifiyarsa. "Hannun da ya shiga akushin nan, kada ya sake shiga tukunyata."

Ya dubi mahaifiyarsa. Ya dubi Selina da ke durƙushe a ƙasa. Sannan ya ja hannun rigarsa sama.

"Mama, ki gafarce ni. Ni na sa ta ɓoye tsohuwar nan. Ban faɗa da baki ba, amma ni ne. Na wanke mata ƙafa da safar roba na karɓi godiya, ashe ban taɓa taɓa ta ba."

Ya sa hannu daidai inda Kaka ta gutsura. Ya ci.

Wata mata ta fara guɗa, ta katse da ta ga fuskar Mama Jastina. Mama Jastina ta gyara ɗaurin zanenta, ta ratsa jama'a, suka buɗe mata hanya. Aka ji an rufe ƙofar mota. Ifraimu ya haɗiye loma ta biyu da hawaye, yana jin ƙarar motar tana nisa, bai tashi ba.

Malam Isa ya share fuska da hannun farar rigarsa.

"Mai dungu ta ci. Baƙo ya ci. Saura ɗiyar gida."

Selina ta matso da sauri. Loma kaɗan ta rage tsakaninta da abin da take so. Ta miƙa hannu.

Kaka ta sa dungunta ta janye akushin.

"Kaka?"

"Yaushe rabon da ki ci da ni, Selina?"

Hannun yarinyar ya tsaya a iska.

"Tun da kid dawo daga Sakkwato kis sawo man jan kwano, kic ce na girmamawa na, tsohuwa ba ta cin kwano ɗaya da yara. Nik karɓa, niy yi godiya. Kin zaci ban gane ba? Ciwo yatsu yac ci man, bai ci man hankali ba."

"Kaka, ki gahwarta man..."

"Da wanga dungu niy yi maki ɗura ran da uwarki tar rasu. Da shi nig goya ki, da haƙori nika ɗaure majanyi. Ba ki ji ƙyama ba sa'annan, sai da kiy yi karatu. Uwayena sun aje ni bakin garinga bisa jaki, sunka juya. Ban yi kuka ba awa yau, da nig ga Kaltume tsaye cikin albasa."

"Na tuba. Ba ni in ci, Kaka. Ba ni duka in cinye."

"Na san kina ci. Yanzu ko ƙasa nib ba ki kina ci, tunda ga miji zaune, ga jama'a tsaye. Wanga yaro ya ci ya rasa uwa. Ke in kin ci, samu za ki yi. Ba ci ɗaya na ba."

"Inna," in ji Malam Isa a hankali, "yaron ya bar komi saboda ita. Auren hwa?"

"Kai ma da sauran magana tsakaninmu, Isa, kai da hwarar rigarka." Ta jawo faifan ta rufe sauran tuwon. "Akushi bai ƙare ba. Kun san abin da dattawa sunka ce."

Ta tallafi akushin a ƙirji, ta yunƙura ta miƙe. Lawi ya matso zai taimake ta, ta kauce masa.

"Kai kuma ka ji daɗin kaɗa ƙarhe. Tahi ka tambayi ranka don wa kak kaɗa."

A bakin ƙofar ɗakinta ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Ran da babu baƙo, babu ƙararrawa, babu abin da za ki samu, ki taho da yunwarki. Ina nan, in Ubangiji ya bar ni."

Labule ya sauka.

Jama'a suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya koma ga albasarsa. Shinkafar da ke cikin sababbin farantai ta huce, ƙudaje suka sauka a kai. Ifraimu yana zaune a kan tabarma, miyar kuka tana bushewa a yatsunsa, ba gida a bayansa, ba aure a gabansa.

Selina ta dube shi, ta dubi labulen. Tun safe take tsoron kada baƙuwa ta ga kakarta. Bai taɓa zo mata a rai ba cewa kakar ce ta daɗe tana ganin ta.